Hular Kwano a Kan Tebur

Kai da ka buɗe wannan littafi, rufe shi ka mayar ƙarƙashin tawul inda ka same shi. In kai ne mijina Jochen, ka ji kunya da girmanka. In kai ne Tjark, ban haife ka don ka riƙa binciken durowar uwarka ba. In kuwa baƙo ne, kuma ka ƙi jin magana, to karanta, amma kada ka yanke mini hukunci sai ka yi rainon ɗa har ya fi ka tsawo, a ƙauyen da kowa ya san ranar da kake shanya wanki. Ni ce Wiebke Harms.

Litinin, 4 ga Mayu, da hantsi

Bikin cikar mahaifiyata shekara tamanin ya tafi jiya yadda na tsara. Miya da zafinta, dankali bai narke a tukunya ba, kek bai zauna ba. Kujera ɗaya ce ta so ta ɓata mini tsari, na kuwa je na ɗauko mai ita.

Muna cikin jera cokula jiniya ta yi kuka. Ɗana Tjark ya yar da tsumman hannunsa ya fita a guje, haka kuwa ya kamata. Ɗan gidan Harms ne, kakan kakansa ne ya kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwanan sa-kai ta ƙauyenmu Tellenkoog. Ba gobara ba ce. Haɗarin mota ne, a kwanar hanyar da ke bin shingen da ke tare ruwan teku. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Da rana ta take na ga motarsu ta dawo. Na jira. Baƙi suka fara duba agogo, sai na ɗora kwat a kan rigar biki na taka zuwa gidan famfo, wato tashar 'yan kwana-kwana. Na same su zaune a dogon tebur, kofi na hucewa. Anke Brodersen, wadda suka zaɓa shugaba, ta ajiye hular kwanonta a tsakiyar tebur kamar tukunyar fure. Ajinmu ɗaya da ita a sakandare, tun lokacin ba ta iya ɗaure gashi ba.

Na ce, "Tjark, tashi. Kakarka na jira."

Anke ta ce, "Wiebke, hula na kan tebur."

Na ce, "Miya ma na kan tebur, ita kuwa hucewa take yi."

Na san al'adarsu. In an dawo daga aiki mai nauyi, shugaba kan ajiye hula, ba mai tashi sai ya ɗauke ta, kuma ƙaramin cikinsu ne ke fara magana. Ni dai a ganina dabara ce ta zaman shan kofi alhali mata na jira a gida. Tjark ne ƙaraminsu, bai kuma fara ba. Ya dube ni, ya dubi Anke, ya tashi ya biyo ni. Yaro mai tarbiyya.

Ana cikin cin nama ya matso ya ce, "Mama, da muka isa wurin…" Na ce, "Ba a tebur ba." Dokar gidana ce tun ina amarya, ba a kawo maganar gobara ko haɗari inda ake cin abinci. Ubansa Jochen ya bi ta shekara da shekaru kafin gwiwa ta cire shi daga aikin, ban ga ta rage shi da komai ba.

Laraba, 6 ga Mayu, da yamma

Na tarar da 'yar na'urar da ake kiran Tjark aikin kwana-kwana da ita a kan kantar kicin, kusa da gwangwanin gishiri. Wannan abu da ko wanka zai shiga sai ya ajiye shi a bakin baho.

Na ce, "Ka manta abinka."

Ya ce, "Ban manta ba."

Alhamis, 7 ga Mayu, bayan abincin rana

Kwamitin biki ya kawo mini tuta in gyara. Ranar Asabar ta ƙarshen wata ƙungiya ke cika shekara ɗari da ashirin da biyar, kuma duk ƙauyen nan ba mai ɗinkin hannu kamata, ba alfahari ba. Asu ya ci gefe guda, zaren zinare ya warware a wajen sunan gari. Sun haɗo mini da akwatin tsofaffin hotuna da hular Claas Harms, wanda ya kafa ƙungiyar, in goge don baje-koli.

Ya kamata yaran yanzu su san daga ina aka fito. Wata bazara wuta ta tashi a gidan mai burodi, iska ta kwashe ta daga jinka zuwa jinka, kafin yamma rabin ƙauye ya zama toka. Mutane na tsaye da gugan fata suna kallo. Claas maƙeri ne. Shi ya bi gida-gida ya tara maza, suka sayi famfon hannu da dawakai ke ja, suka gina masa rumfa, shi ya sa har yau muke cewa gidan famfo ko da yake mota ce a ciki. Ba wanda aka taɓa biya. Tun ranar da aka ɗinka tutar nan ɗan Harms ne ke ɗaukar ta a kowane biki. Claas, ɗansa, sai surukina Baba Hinnerk, sai Jochen. Bana na Tjark ne. Na riga na kai kakinsa wanki.

Juma'a, 8 ga Mayu, da la'asar

An kai yaron gidan Petersen, wanda haɗarin ranar Lahadi ya ci, makwancinsa. Benci ɗaya suka zauna da Tjark tun firamare. Furanni sun yi yawa, a ganina. Uwar ta kama hannun Tjark ta daɗe ba ta saki ba, ya zare ya fita tun ba a gama waƙa ba. Gobe zan yi masa magana a kan ladabin coci.

Asabar, 9 ga Mayu, tsakar rana

Gwajin jiniya, kamar kowace Asabar tun kafin a haifi Tjark. Ya saki kofi a ƙasa, ya shige banɗaki ya buɗe famfo har ta yi shiru. Kofin daga cikin kayan aurena ne. Ban yi maganar cocin ba.

Talata, 12 ga Mayu, bayan abincin yamma

Yau ranar atisaye, bai je ba. Yana zaune yana juya yankan burodi a faranti.

Na ce masa lokacin yaƙi, da aka kwashe mazan ƙauyen nan, mata ne suka riƙe famfo, cikinsu har da mai tsohon ciki. Na ce masa ba don daɗi ake aikin nan ba. Maƙwabci na kwana da ido biyu rufe ne saboda ya san in jiniya ta yi kuka wani zai bar gadonsa. Na ce kowa ya ga abin da bai so gani ba, amma ba a ajiye aiki kusa da gishiri a tafi. Na yi magana mai kyau, har ni kaina na ji ta shige ni.

Ya ce, "Mama, kin gama darasin tarihin? Burodina na bushewa."

Na dubi Jochen ko zai tsawata. Yana can yana karanta bayan kwalbar madara kamar jarida.

Alhamis, 14 ga Mayu, da hantsi

Jiya da yamma ciyawa ta kama da wuta a bayan gonar Nissen. Na'urar ta yi ta ƙara a kan kantar kicin har gwangwanin gishiri na rawa. Tjark na ɗakinsa a sama. Bai sauko ba. Hannu bai ishe su ba, sai da aka kira na ƙauyen gaba, waɗanda ko naɗe tiyo ba su iya ba.

Yau a shagon burodi matar Lorenzen ta ce, "Wiebke, ɗanki lafiya kuwa? Ba mu ga kekensa a gidan famfo ba."

Na ce, "Mura."

Ta ce, "Ayya. Mai tsawo ce ta bana."

Matar da ɗanta ko bokiti bai taɓa ɗauka don wani ba.

Asabar, 16 ga Mayu, da yamma

Bai ci ba. Na dafa wa Tjark abin da ya fi so. Bai ci ba.

Litinin, 18 ga Mayu, da safe

Na ji ana jan abu a ɗakin ajiya na sama. Babban akwatin tafiya ne. Wai Tjark ya samu aiki a garejin wani a birnin Kiel, farkon wata zai fara, kuma ba zai jira biki ba.

Na ce, "Tutar fa?"

Ya ce, "Tana da sanda, Mama. Kowa ya iya riƙe sanda."

Na ce, "A Kiel wa ka sani?"

Ya ce, "Ba kowa. Shi ya sa."

Da ya fita na tare Jochen a gareji. Ya ce, "Ki bar shi, Wiebke."

Na ce, "Kai komai a bar shi. Rufi na yoyo, a bar shi. Ɗanka zai bar gari, a bar shi."

Ya goge hannu ya ce, "Ni ma ai kin bar ni, shekara nawa." Ban gane me yake nufi ba, ban kuma tambaya ba. Ba na son magana a dunƙule.

Laraba, 20 ga Mayu, lokacin shan kofi

Anke ta zo, da takalmin aiki har kan dardumata. Na zuba mata kofi don ba a ce ban iya karɓar baƙo ba. Na nuna mata inda na kai a ɗinkin.

Ta ce, "Ba tuta ta kawo ni ba. Ki yi zanen gado da ita in kin ga dama."

Na ce, "Kyakkyawar magana daga bakin shugaba."

Ta ce, "Duk wanda ya je wurin haɗarin nan ya zauna ya faɗi nasa, har Uwe da ba ya gaida mutane. Saura ɗaya. Na tura masa fasto, ya ƙi buɗe ƙofa. Na kira shi, ba ya ɗauka. Kin san aikin da na ba shi ranar?"

Na ce ba na bukatar sani.

Ta ce, "Ai kuwa sai kin sani."

Ta faɗa mini abin da hannun ɗana ya tallafa a cikin motar da ta yi haɗarin, duk tsawon lokacin da sauran ke yanka ƙofa. Ta ce da ta san ko waye a ciki da ba ta tura shi ba. Ba zan rubuta ba. Da hannun nan na sa shi ya miƙa wa baƙi kwanon dankali.

Na ce mata kek na cikin tanda. Babu kek a tanda.

Juma'a, 22 ga Mayu, da yamma

Na kai wa Baba Hinnerk hotunan ya gaya mini sunayen mutane, don a rubuta a ƙarƙashi. Idonsa ya yi rauni amma bakinsa na nan. Wannan ɓarawon kaji ne, wancan ya auri kuɗi, wannan kuma ya taɓa kai famfo wurin gobara ya manta tiyo a gida. Na yi dariya ban shirya ba.

Sai muka zo kan wani hoto. Dogon saurayi riƙe da tutar da nake ɗinki, kunnuwansa irin na Tjark sak.

Na ce, "Baba, wannan ai ba kai ba ne."

Ya ce, "Momme ne. Yayana."

Sau ɗaya ko biyu na taɓa jin sunan a gidan nan, wai ya tafi aikin jirgin ruwa. Ban san ya riƙe tuta ba.

Ya ce, "Shekarar babbar ambaliya, da shinge ya ɓalle, shi aka tura da kwalekwale gidan da ke can ƙasa. Ya same su duka, ba mai rai. Ya kwaso su shi kaɗai. Da gari ya waye kowa ya watse gidansa, don lokacin haka ake yi. Innarmu ta zuba masa ruwan zafi, ta ce ya ci abinci ya yi barci, kada ya tada wa yara hankali. Mace ce mai tsari, Wiebke, kamarki. Ya ci, ya kwanta. Da bazara ta zo ya ɗauki jaka."

Na ce, "Ya rubuto?"

Ya ce, "Kati ɗaya, mai hoton tashar jirgi. Daga nan shiru, har innarmu ta rasu tana gyara masa gado."

Ya ce bayan tafiyar Momme ne shugaban lokacin ya dawo daga wata gobara, ya buga hularsa a tebur ya ce ba wanda zai ƙara tafiya gida da abin da ya gani a cikinsa. Daga nan al'adar ta samo asali. Ashe daga gidanmu ta fito.

Ya ce, "An ce kin shiga kin ɗauke shi hula na kan tebur."

Na ce, "Baƙi na jira, Baba."

Ya ce, "To. Sun ƙoshi?"

Tsufa ba hujjar rashin kunya ba ce. Na kwashe hotunana.

Lahadi, 24 ga Mayu, bayan coci

Akwatin na bakin matakala. Na yi guga. Na sake goge abin da na goge.

Litinin, 25 ga Mayu, da safe

Na gama tutar. Ta yi kyau. Ban san me ya sa nake jin haushinta ba.

Laraba, 27 ga Mayu, da hantsi

Jiya da yamma na jera tebur kamar kullum, miya, burodi, faranti uku. Sannan na ɗauko hular Claas, wadda na goge har tana ɗaukar ido, na ajiye a tsakiya inda kwanon man shanu ke zama.

Jochen ya shigo ya gan ta. Ya zauna, ya ajiye cokalin da ya ɗauka.

Tjark ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

Na ce, "Ka san ko mene ne."

Ya ce, "Ke ba shugaba ba ce."

Na ce, "A gidan nan? Tambayi ubanka."

Jochen ya ce, "Ita ce, ɗana. Ba a ma yi zaɓe ba."

Ya yunƙura zai tashi. Na ce, "Hula na kan tebur, Tjark. Kuma kai ne ƙarami."

Ya koma ya zauna. Miya ta daina tururi, mai ya daskare a kanta, ina kallo, hannuna na ƙaiƙayi in mayar da ita wuta. Na zauna a kan hannun. Agogon bango ya buga, ya sake bugawa.

Can ya ce, "Da muka isa wurin, na gane motar tun daga nesa."

Daga inda na tsayar da shi ya ɗauko. Ya yi ta magana yana kallon hular, ba ya kallonmu. Akwai inda na ji "ya isa" ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Ya ce yaron ya gane muryarsa. Ya ce ya yi ta gaya masa ƙarya, cewa saura kaɗan, cewa ba wani abu ba ne. Ya ce, "Mama, ke kika ce ba a ƙarya." Na ce wannan ba ta cikin lissafi, kuma duk wanda ya ce tana ciki ya zo ya same ni.

Da ya gama Jochen ya gyara murya. Na ɗauka ruwa zai nema. Sai ya fara ba da labarin wata gobara a gonar da ke bayan coci, tun Tjark na goye, da abin da ya samu a ƙarƙashin gado. Na tuna ranar. Ya dawo na ce ya cire kaya a waje saboda warin hayaƙi. Duk shekarun nan mutumin nan na kwana kusa da ni da wannan abu a cikinsa.

Sai suka juyo suna kallona su biyu.

Na ce ni ban je ko'ina ba, ba ni da abin faɗa. Tjark ya ce, "Hula na kan tebur, Mama."

Na ce Malte, yaron gidan Petersen. Na ce yaron nan bai taɓa goge ƙafa a bakin ƙofata ba, kuma shi kaɗai ne ke neman ƙarin miyar kabejina, wadda 'yan gidan nan ke turewa. Na ce ranar nan miya za ta iya jira. Iyakar abin da na ce ke nan, ya kuma isa.

Na ɗauke hular. Muka sha miyar da sanyinta. Tjark ya ƙara.

Asabar, 30 ga Mayu, da yamma

An yi biki. Levke, 'yar gidan Nissen, ce ta ɗauki tuta, a karkace, gefen da na fi shan wahalarsa na jan ƙasa. Karo na farko ba hannun Harms ba. Na ce wa Jochen dubi yadda take riƙe ta kamar tsintsiya, ya ce in bar ta. Baba Hinnerk na cikin tsohon keken famfo yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya kashe duk gobarar duniya. Na sa hoton Momme a tsakiyar allo, da sunansa da manyan baƙaƙe. Matar Lorenzen ta tambaya ko waye, na ce ɗan gidanmu ne.

Tjark bai sa kaki ba. Ya tsaya a bayan babbar tukunya yana zuba wa mutane miyar wake, yana cika musu kwano fiye da kima. Shekaranjiya ya je wurin faston da kansa, Anke ta raka shi. Ta wuce ni ɗazu ta ce, "An ce kin yi mini juyin mulki a kicin." Na ce ta fara ɗaure gashinta tukuna.

Bai ce ya fasa Kiel ba, ban kuma tambaya ba. Akwatin dai ya bar bakin matakala, yana ƙarƙashin gadonsa, ba komai a ciki. Shara nake yi na gani. Na'urar na nan kusa da gishiri, amma wani ya sa ta a caji, kuma ba ni ba ce. Gobe za a mayar da hular Claas cikin gilashi a gidan famfo. Na sa Jochen ya ɗauko tasa tsohuwar daga gareji, na kafa mata ƙusa kusa da murhu.

Na faɗa musu, ina kuma rubutawa don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau a gidan nan, duk wanda jiniya ta fitar, ba mai zuwa ɗauko shi, ko bikin waye ake yi. In ya dawo, a sauko da hular nan a sa a tebur. Ƙarami ya fara, babba ya jira, ba mai cewa ya isa, ba mai tashi sai na ɗauke ta da hannuna. Abinci ya huce in ya ga dama. Takalmi dai har yanzu a waje ake cire shi.